Takardun da Baffa Ya Soke da Jan Biro

Shekara biyar ke nan da rasuwar Baffana, Farfesa Tanimu, wanda ɗalibansa ke kira Baba Jan Biro. Amma tsoron da zan fara da shi ya girmi rasuwar tasa. Tun ranar da na fara shiga gidansa a Karu, da 'yata Nana a goye, gabana ke faɗuwa idan na ga takarda. Gida ne da ba ka ajiye kofin ruwa sai ka ɗaga wani abu. Takarda a kan tebur, takarda a kan kujera, takarda har saman firij. Ni kuwa a aji biyar na firamare karatuna ya tsaya. Hausa ina karantawa ina rubutawa, Turanci sai ɗan na kasuwa. Kullum ina shara ina roƙon Allah kada ya sa ni ce zan ɓata wa bawan Allahn nan aikinsa. Tunanina a lokacin bai wuce Nana ta ja wata takarda ta yaga ba, ko manja ya ɗiga a kan wata daga hannuna.

Wan mahaifina ne. Matarsa ta riga shi rasuwa, ɗansu ɗaya tilo, Yaya Kabiru, yana aiki a ƙasar waje. Da aure ya kawo ni Abuja, maigidana yana gyaran mota a Apo, muna zaune a Durumi, sai na ɗora wa kaina zuwa Karu sau uku a mako in dafa masa abinci in gyara gida. Sunan mahaifiyarsu shi da babana aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Ban san aikinsa yadda malamai suka san shi ba. Abin da na sani, ya haura shekara talatin yana koyar da tattalin arziki a jami'a. Ya fara daga can Arewa, ya je ƙasar waje ya ƙaro karatu, ya dawo, a ƙarshe ya zauna nan Abuja. Darasi biyu yake riƙe da su. Ɗaya kan yadda mulki da dukiya ke cuɗanya, wa ke yanke hukunci, wa ke ci, wa ke ɗaukar nauyin. Ɗayan kuma kan daidai da ba daidai ba, abin da yake kira falsafar halin kirki. Ya taɓa gaya mini cewa a da can darussan biyu a aji ɗaya ake koyar da su, daga baya aka raba su, aka bar lissafi a wannan ɗakin aka kai tausayi wancan, kuma tun daga nan ba su ƙara gaisawa ba. Akwai lokacin da aka sa shi a wani kwamitin ba gwamnati shawara. Ba ya son maganar wannan zaman. Idan baƙi suka tayar da ita sai ya waiwayo ya ce in kawo shayi.

Yana da wata al'ada da ban ji wani malami na yi ba. Duk abin da zai kai aji, sai ya jawo kujerarsa ta roba bakin ƙofar kicin ya fassara mini shi da Hausa ina girki. Ya ce maganar tattalin arziki da matar da ke zuwa cefane ba ta gane ba, to shi ma bai gane ta ba, haddace ta kawai ya yi. Idan na ce ban fahimta ba sai ya koma ɗaki ya sake shiri. Wani lokaci don in samu in sauke tukunya nakan ce na gane, shi kuma ya ce to maimaita mini. Nan asirina ke tonuwa.

Wata Laraba ya fito da littafinsa da ya yi shekaru yana haɗawa. Mai buga masa takardu ta fitar da shi kwafi biyu. Ɗaya an yi masa bango mai kyau an ɗinke, ya ajiye shi a durowa yana jiran kai wa maɗaba'a. Ɗayan fallaye ne a warwatse, su ne a hannunsa. Ina yankan alayyahu ya fassara mini zuciyar maganar. Wai idan mutum biyu suka yi ciniki, babu wanda ya tilasta wa wani, babu wanda ya yi ƙarya, kowa ya ce ya yarda, to cinikin adalci ne, kuma bai kamata hukuma ko wani ya sa baki ba, don kowa ya fi kowa sanin abin da zai fisshe shi.

Ya ce, "Uwata, kin ji. Akwai gyara?"

Na ci gaba da yankan alayyahuna, shi kuma ya san halina. Sai da ya matsa na ba shi labarin da na ɓoye masa wata guda. Lokacin ya yi tafiya wani taro, zazzaɓi ya kama Nana har ta fara jijjiga. Abban Nana ya bi wata mota da ta lalace a hanya, wayarsa ba ta shiga. Na ɗora keken ɗinkina, wanda aka kawo ni da shi, a Keke Napep, na kai wa wani mai sayen tsofaffin kaya. Mutumin bai wani dubi keken ba, Nana ya duba. Ya taya abin da bai kai rabin darajarsa ba. Na ce albarka. Ya ce to, ya koma danna wayarsa. Bai ƙara ba, bai kuma kore ni ba. Jira kawai yake. Ni kuwa ina jin zafin jikin yarinyar yana ratsa zanin goyo yana ƙona mini baya. Na ce na sallama.

Baffa ya ce, "Ya tilasta miki?"

"A'a."

"Ya yi miki ƙarya?"

"A'a, Baffa. Har addu'a ya yi wa Nana."

"To ai kin yarda ke nan."

Na ce, "Baffa, shi zai iya kai magariba a zaune a wurin. Ni ba zan iya minti goma ba. Bakina ne ya ce na sallama, amma zazzaɓin ne ya yi cinikin."

Da ya buɗe baki faɗa ya fara yi, me ya hana in kira shi. Na ce kunya. Ya ce, "To ga shi kunyarki ta cinye keke." Sannan ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya ja layi daga wannan kusurwa ta shafin zuwa waccan, ya sake ja ya gicciye. Ya buɗe na gaba ya yi masa haka. Yana yi yana cewa, "Wannan ya lalace. Wannan ma ya lalace." Da ya ɗago ya ga idona ya kawo ruwa sai ya yi murmushi. "Uwata, kin kashe mini aikin shekara goma, ko wuƙar alayyahun ba ki ajiye ba."

Na ba shi haƙuri ya fi a ƙirga. Ranar ban iya cin abinci ba da na koma gida.

Yanzu idan na bi ta ƙarƙashin gada da safe, na ga leburori jere da shebur da diga suna jiran wanda zai ɗauke su aiki, Baffa nake tunawa. Sun fi na da yawa, kuma akwai masu furfura a cikinsu. Mota ɗaya za ta tsaya, mutum goma su rufe ta, mai motar bai ma sauke gilashi sosai ba zai faɗi abin da zai bayar, babu mai cewa albarka. A layinmu na Durumi gida uku sun kwashe sun koma ƙauye a bana, kuma na ga yadda suka sayar da katifa da fanka da tukunyar gas a tsaye, direba yana ta danna musu oda. Ina tambayar kaina, da Baffa yana nan me zai ce? Ba na jin zai yi mamaki. Ina jin zai tsaya ne a gefe, hannu a baya, ya yi ta kallon wanda ke sauri da wanda ba ya sauri, ya dawo gida ya ƙi cin abinci kamar yadda ya riƙa yi a ƙarshen rayuwarsa.

Don shekara biyun da suka rage masa bayan waccan Laraba, a haka ya ƙare su. Ya daina zuwa tarurrukan manya. Sai ya sa hula ya tafi wurin masu tura kurar ruwa, ko matan da ke kasa tumatir da yamma suna tsoron ya kwana ya ruɓe, ya yi ta yi musu tambaya har wasu su ɗauka ɗan leƙen asiri ne. Ya dawo ya zauna da fallayen nan, ya soke, ya yi rubutu ƙanana a gefe, ya juya baya ya cika shi, ya jefa a kwalin taliya da ke ƙarƙashin tebur. Kwali ya cika ya nemi wani. A bakin kicin kuwa maganarsa ta canza. Ya ce yunwa ma tilas ce, ciwo ma tilas ne, ko da babu wanda ya riƙe sanda. Ya ce a kowane ciniki a duba waye zai iya jira, waye ba zai iya ba, kuma nauyin adalci a wuyan mai iya jiran yake. Sau ɗaya tak ya taɓo maganar kwamitin nan da kansa. Ya ce, "Mun zauna a ɗaki mai sanyi mun ce mutane za su daidaita da kansu. Babu ko ɗaya a cikinmu da ke sauri."

Hawan jini ne ya kayar da shi, da damina. Kwana huɗu ya yi a asibiti, bai ƙara magana ba.

Bayan addu'ar bakwai Yaya Kabiru yana da kwana biyu ya koma, gidan kuma na haya ne, za a miƙa wa mai shi. Littattafan da ke kanta aka zuba a mota aka kai jami'a. Tufafi aka raba wa mabuƙata, yadda aka saba, don ladan ya isa ga mamacin. Sauran takardu Yaya ya nuna mini da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya a kunne. Ya ce, "Ke kika san gidan nan. Ware masu amfani, tarkacen ki san yadda za ki yi da shi."

Na zauna a ƙasa na yi aikin da iya hankalina. Duk takarda mai hatimi, ko mai hoto, ko mai tsabta, na ajiye. Na ɗauko littafin nan mai bango daga durowa na naɗe shi da sabon zani na miƙa wa Yaya da hannu biyu. Sai kwalayen taliya guda uku. Na duba, ko wane falle an gicciye shi da ja. A makarantarmu idan malam ya gicciye maka shafi da jan biro ka faɗi ke nan, yage shi ake yi. Kuma da kunnena na ji mai takardun ya ce sun lalace. Rubutun gefe da na baya na ɗauka gwaje-gwaje ne na mutumin da ba ya son ɓarnar takarda. Ban so in ƙona ba, don ban san ko akwai sunan Allah a ciki ba. Sai na tuna Maman Ladi, mai ƙosai a bakin layin, wadda Baffa ke tara wa tsofaffin jaridu duk wata tana ƙunshe wa mutane. Na kai mata kwalayen da kaina, na ce sadaka ce, ta sa shi a addu'a. Ta yi kuka, ta ce Oga Farfesa mutumin kirki ne. Na dawo ina jin na yi masa abin alheri na ƙarshe.

Wata huɗu bayan nan wani mutum ya yi sallama a gidanmu. Dokta Ishaya sunansa, tsohon ɗalibin Baffa ne da ya zama malami, yana ƙasar waje karatu a shekarun nan biyu, bai samu jana'iza ba. Ya yi mini gaisuwa, ya sha ruwa, sannan ya ce Oga, wato Baffa, ya rubuto masa cewa ya rushe littafin ya sake gina shi, kuma sabon yana nan cikin kwalaye, saura a buga. Ya ce an gaya masa ni na kwashe gidan.

Na ce, "Dokta, ai na kwalin sokakku ne."

Ya ce, "Maman Nana, Oga ba ya rubutu a farar takarda. Sai ya soke tsohuwar magana yake rubuta sabuwa a jikinta, don ya riƙa ganin inda ya yi kuskure. Duk wanda ya yi karatu a hannunsa ya sani. Sokakkun su ne littafin."

Ban san lokacin da na ɗauki mayafi ba. Muka shiga mota har Karu. Maman Ladi tana kan suya, ta ga fuskata ta sauke matsami. Ta ce, "Ayya, 'yar uwa, takarda ya ƙare tun tuni. Mai kauri ne, yana shan mai da kyau, har na raba wa mai masara." Ta shiga ɗaki ta birkice kayanta, ta fito da falle tara da ta shimfiɗa a ƙasan kwandon da take zuba ƙosai. Mai ya ratsa su har ana ganin hannu ta baya. Dokta Ishaya ya karɓa, ya ɗaga ɗaya a rana yana karantawa, leɓensa na motsi. Bai yi mini faɗa ba. Na so a ce ya yi.

Shekara biyu na aikin mutum, mutanen Karu sun ci ƙosai a ciki sun yar a kwata. Na haifi ɗa na biyu bayan nan, na yi jinya, mun sauya ɗaki, amma babu ranar da zan sayi abu a ƙunshe ban buɗe takardar na duba ko akwai jan biro ba.

Da abin ya tsaya a asarar da na jawo, da na ci gaba da riƙe shi a cikina, ban kawo shi jarida ba. Amma bana Yaya Kabiru ya yanke shawarar a buga littafin Baffa a ƙaddamar da shi don tunawa da shi. Wanda za a buga kuwa shi ne mai bangon nan da na miƙa masa da hannuna, wanda ke cewa duk cinikin da aka ce an yarda adalci ne. Na kira shi na gaya masa Baffa ya bar wannan maganar kafin ya rasu. Ya saurare ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya ce, "Ƙanwata, na san kin kula da Baba, Allah ya saka miki. Amma wannan harkar malamai ce. Manyan da suka yi aiki da shi sun karanta, sun ce ra'ayinsa ke nan da suka sani. In ce musu me? In ce wadda ta zubar da takardun ta ce ba haka ba ne?"

Gaskiya ya faɗa, ni na zubar. Kuma manyan nan ba ƙarya suka yi ba, Farfesan da suka sani ke nan, na ɗaki mai sanyi. Wanda ya tsaya a rana yana tambayar mai kurar ruwa, ba su haɗu da shi ba. Dokta Ishaya ya yarda da ni, ya ma yi wa Yaya magana, amma ya ce falle tara masu mai da wasiƙa ɗaya ba za su tsayar da littafi guda ba. Darasin halin kirkin nan ma, ya ce, tun bayan rasuwar Baffa ba a samu wanda ya ɗauka ba, an cire shi daga jerin darussa.

Ina zama in auna abin da ya rage na Baffa. Gidan Karu wasu ne a ciki, sun sake fenti. Littattafansa suna can a kanta, ban san ko ana buɗe su ba. Nana ba ta tuna fuskarsa, sai dai ta tuna wani tsoho da ke ba ta dabino. Abin da na ga ya rage shi ne halin nan nasa, mutum mai furfura da suna, ya ji magana daga bakin wadda ba ta gama firamare ba, ya duba ya ga shi ne bai yi daidai ba, ya soke aikinsa da hannunsa ya koma farko. Ban ga manya da yawa masu iya haka ba. Idan aka buga wancan littafin shi kaɗai, wannan halin ne za a binne. Yara za su karanta a jami'a su ce Farfesa Tanimu ya ce mai sayen kekena bai yi laifi ba, kuma wani mai iya jira zai samu hujja da sunansa.

Dokta Ishaya ya ce hanya ɗaya ta rage. Baffa bai daina shiga aji ba sai makon da ya faɗi, kuma duk abin da ya rubuta yakan faɗe shi a gaban ɗalibai, su kuma suna rubutawa. Da Dokta ya kai masa wannan maganar, Yaya Kabiru ya yi alkawarin idan aka samu littattafan ɗalibai ko da uku ne da suka nuna sabuwar maganar, zai dakatar da maɗaba'a a haɗa su da fallayen nan tara, a sa a gaban littafin. Ya ba mu zuwa ƙarshen damina.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya zauna a ajin Baba Jan Biro a shekara biyunsa na ƙarshe, ko kana banki yanzu, ko kina gidan aure, ko kana neman aiki har yau, don Allah ka duba akwatinka. Idan littafin da ka rubuta darasinsa yana nan, ko ya yage, ko rubutun ba shi da kyau, ka kawo shi ofishin jaridar nan ka ce a ba Maman Nana. Za a ɗauki hotonsa a mayar maka da abinka. Ni ba zan taɓa ko falle ɗaya ba, Dokta ne zai karanta.